Baƙuwar da ta zama 'yar gida: tantani, maitokondiriya da asalin ƙwayar halitta mai cibiya

Duk wanda ya tashi a inda ake noman rogo ya san akwai mai ɗaci wanda ba a yi masa gaggawa. Sai an ɓare an jiƙa shi kwanaki, ko an goga an matse an soya ya zama garin kwaki, kafin a ba iyali. Dalili shi ne sinadarin linamarin da ke cikinsa, wanda ke sakin gubar sayanaid da zarar an farfasa saiwar. Yadda gubar ke kisa shi ne abin mamaki. Huhu yana jan iska lafiya lau, jini cike yake da oksijin, amma jiki ya kasa amfani da ita, kamar mai ƙishirwa a tsakiyar kogi an ɗaure masa baki. Gubar takan je ta toshe furotin guda ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙananan injinan da ke yi wa jiki aiki, da ke kafe a jikin wani siririn tantani, can cikin wani ɗan mitsitsin abu da ke cikin ƙwayoyin halittarmu, wanda ake kira maitokondiriya. In furotin nan ya tsaya, zuciya da ƙwaƙwalwa sukan bi shi cikin mintuna.

Wannan mitsitsin abu, bisa hujjojin da masana ilimin halittu suka tara cikin shekara 60 da suka wuce, asalinsa bakteriya ce mai cin gashin kanta, wadda ta shiga cikin wata ƙwayar halitta tun kafin a sami tsiro ko dabba a doron ƙasa, ta zauna ba ta sake fita ba. Wannan ɓangare na labarin ya zauna daram, da wuya ka sami masanin da ke musunsa yau. Inda ake ja-in-ja shi ne wa ya karɓi baƙuwar, ta wace ƙofa ta shiga, kuma shin zuwanta ne ya gina gidan ko ta tarar gini ya yi nisa. Duk zaren da ka ja cikin waɗannan, a kan tantani yake ƙarewa.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna, don a Hausar rediyo "ƙwayar halitta" jaka ce da ake zuba komai a ciki. A nan, ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. Umarnin da ke rubuce a DNA, wanda ɗa ke gada daga iyaye, zan kira kowane guda nasa ƙwayar gado. Tantani kuwa shi ne dai wanda muka sani, irin na kalangu ko na cikin ɓawon ƙwai, siririyar fata da ta raba ciki da waje.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne. Akwai marasa cibiya, wato bakteriya da wasu masu kama da su da ake kira arkiya. Sai ka jera ɗaruruwansu kafin su cika milimita ɗaya. Tsarinsu irin na bukkar makiyayi ne: ɗaki ɗaya, nan ake kwana, nan ake ajiya, nan ake girki, DNA ɗin ma a tsakar ɗaki yake a yashe. Sai masu cibiya, waɗanda suka fi kama da gidan gandu. Akwai turakar da aka kulle DNA a ciki, ita ce cibiyar, akwai rumbuna, madafi, juji, da lungunan da ake wucewa da kaya, kowanne da katangarsa, kuma kowace katanga tantani ce. Mutum, raƙumi, gero, kuka, naman kaza, yis ɗin da ke kumbura fanke, har da ƙwayar da ke sa zazzaɓin cizon sauro, duk 'yan gidan gandun nan ne. A girman ciki, guda ɗaya takan ninka bakteriya sau dubbai.

A duwatsun Pilbara da ke yammacin Ostireliya akwai burbushin rayuwar marasa cibiya mai kimanin shekara biliyan 3.5. Amma burbushin mai cibiya mafi tsufa da masana suka aminta da shi, wanda aka tono a arewacin Sin da arewacin Ostireliya, bai wuce shekara biliyan 1.6 zuwa 1.8 ba. Ke nan duniya ta yi kusan shekara biliyan 2 ba kowa sai 'yan bukka. Kuma kada a ɗauka zaman kashe wando suka yi. A harkar sinadarai babu gwanin da ya kai su: su suka fara cin hasken rana, su suka fara zuba oksijin a sararin sama kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, a cikinsu akwai masu numfashi da ƙarfe da masu numfashi da farar wuta. Amma a siffa, har gobe suna nan a bukkarsu. Su kuwa masu cibiya, duk wadda ke raye yau kakarsu ɗaya, abin da ke nuna lamarin sau ɗaya ya faru, ko kuma sau ɗaya ya yi ƙarko.

Ka ɗiga man gyaɗa a kwanon ruwa, za ka ga ya tattaru wuri ɗaya ya ƙi cuɗanya. Ka sa ɗan sabulu ka kaɗa, sai ya watse ruwan ya yi fari-fari. Sirrin sabulu shi ne kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. Maiƙon da aka yi tantani da shi haka yake, sai dai shi wutsiyarsa biyu. In irinsa suka yi yawa a ruwa, ba mai jera su, da kansu suke yin sahu biyu, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya suna fuskantar juna, kawuna a waje cikin ruwa, sahun ya lanƙwashe ya rufe kansa ya zama 'yar jaka. A 1925 wasu masana biyu a Holan, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga faɗinsa ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu, suka ce lallai sahu biyu ne. Daga baya aka gano sun yi kuskure biyu a awonsu, ɗaya ya cinye ɗaya, amsar ta fito daidai. Kaurin tantanin kusan nanomita 5 ne, sai ka ɗora guda 20,000 a kan juna kafin su kai kaurin takardar littafi ɗaya.

An daɗe ana ɗaukar tantani a matsayin zana kawai, abin da ke hana kayan ciki zubewa. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne wani ɗan Ingila mai suna Peter Mitchell. A shekarun 1950 an riga an san cewa a maitokondiriya ake ƙona abinci da oksijin a samar da ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke kashewa kamar kuɗin cefane a duk aikin da za ta yi. Abin da ya gagara shi ne gano mahaɗin da ke tsakanin ƙonawar da samar da ATP. Manyan ɗakunan bincike suka yi shekaru suna farautar wani sinadari na tsakiya, ba su same shi ba, saboda babu shi. A 1961 Mitchell ya rubuta a mujallar Nature cewa tantanin da kansa shi ne mahaɗin.

Ka tuno madatsar ruwa ta Kainji. An tare kogin Kwara, ruwa ya taru a gefe ɗaya, aka bar masa 'yar kafa, kuma a kafar aka dasa injin da ruwan ke juyawa ya ba da wuta. A maitokondiriya, tantanin ciki shi ne bangon madatsar. Wasu manyan furotin da ke kafe a jikinsa suna karɓar ilektoron, ƙananan ɓurɓushin da ke ɗauke da lantarki, da aka ciro daga abinci, wannan ya miƙa wa wannan, har na ƙarshe ya damƙa wa oksijin, kuma na ƙarshen nan shi ne wanda gubar rogo ke toshewa. Da ƙarfin wannan miƙe-miƙe suke turo furoton (ba furotin ba, wasu ɓurɓushi ne masu cajin lantarki, su ne ruwan madatsar) daga ciki zuwa bayan tantanin, su taru can. Hanyar dawowarsu ɗaya ce, ta cikin wani inji mai haɗa ATP, kuma wucewarsu ce ke juya shi. Bambancin lantarki tsakanin gefen biyu bai fi milibolt 150 zuwa 180 ba, ko batirin tocila ya ninka shi. Amma da yake a kan nanomita 5 yake, in ka lissafa ya kai bolt miliyan 30 a kowace mita, ajin tsawa ke nan.

Abokan aikinsa ba su karɓi maganar da hannu biyu ba, an yi fiye da shekara goma ana gwabzawa. Shi kuwa ya koma wani tsohon gida a ƙauyen Cornwall, ya gyara shi da kuɗinsa ya mai da shi ɗakin bincike, shi da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle. A 1966 André Jagendorf ya jiƙa tantanin koren ganye cikin ruwa mai tsami, sannan ya tsoma shi cikin marar tsami, a cikin duhu, ba hasken rana ba abinci, sai ga ATP ya fito. Bambancin furoton kaɗai ya wadatar. Mitchell ya karɓi kyautar Nobel a 1978. A 1997 kuma wasu masana a Japan suka liƙa wa injin wani zare mai ƙyalli suka sa a madubin ƙara girma, suka gan shi da idonsu yana juyawa kamar farfela, kowane zagaye ɗaya ATP uku. ATP ɗin da ke jikin mutum a kowane lokaci bai kai rabin kilo ba, amma ana kashewa ana sake haɗawa har jimillar na wuni guda ta kusa nauyin jikinsa.

In bangon ya yi yoyo, ƙarfin ya tafi a zafi. Jariri sabuwar haihuwa yana da wani kitse mai duhu a tsakanin kafaɗunsa, wanda maitokondiriyarsa ke buɗe kafa da gangan don ta ɗumama shi, tunda bai iya karkarwa sosai ba tukuna. A shekarun 1930 kuma an sayar da wani sinadari mai suna DNP a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba, wanda aikinsa huda bangon ne ba tare da linzami ba. Mutane sun rame, wasu sun makance, wasu zafin jiki ya kashe su, aka haramta shi a 1938.

Wannan dabara ta madatsa ta game kusan duk mai rai. Bakteriya da arkiya ma da ita suke rayuwa, sai dai su a jikin tantanin da ya kewaye su suke yi, wato katangar gida ita ce kuma tashar wuta. Mu kuwa tasharmu tana ciki, a ɗaruruwa ko dubban maitokondiriya, kowace da tantanin da aka ninninke kamar rawani don ya sami faɗi. A tsokar zuciya sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwaya.

Tun a shekarun 1920 wani Ba'amurke, Ivan Wallin, ya ce waɗannan abubuwa bakteriya ne. Ya ma yi iƙirarin ya rene su a waje, ashe wasu bakteriya ne suka gurɓata masa gwaji, maganar ta mutu tare da mutuncinsa. Lynn Margulis ce ta tono ta a 1967, a wata maƙala da mujallu kusan 15 suka ƙi bugawa kafin ta sami shiga. Wannan karon hujjoji suka yi ta zuwa. Maitokondiriya tana da DNA nata na kanta, zagayayye irin na bakteriya. Ba a ƙera sabuwa daga babu, tsohuwa ce ke rabewa biyu. A tantaninta na ciki akwai wani maiƙo mai suna kadiyolifin wanda a bakteriya aka san shi. Injinta na haɗa furotin ma irin nasu ne, shi ya sa maganin da aka yi don bakteriya kan taɓa ta: kuloramfenikol, da aka daɗe ana sha don taifot, yana iya danne ɓargo ta wannan hanya, kuma akwai zuri'o'in da allurar jentamaisin ke kurumtar da su saboda wani ɗan sauyi a DNA ɗin maitokondiriya, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Da aka iya karanta ƙwayoyin gado, aka bi salsalarta har cikin wani babban dangin bakteriya da ake kira alfa-furotiyobakteriya. Margulis ta kuma ce wutsiyar da ƙwayoyin halitta ke iyo da ita ma tsohuwar bakteriya ce, amma wannan ba ta tabbata ba.

Akwai wani kuskure da zanen littattafan makaranta ke yawan yi. Maitokondiriya tantani biyu gare ta, sai a ce na cikin nata ne, na wajen kuwa na mai gidan ne da ya naɗe ta lokacin da ya haɗiye ta. Alhali danginta na bakteriya da ma tantani biyu gare su, kuma na'urar da ke dasa furotin a tantanin wajen 'yar uwar ta bakteriya ce. Da rigunanta biyu ta shigo.

A 1981 aka karanta DNA ɗin maitokondiriyar mutum gaba ɗaya a Kambirij: harafi 16,569, ƙwayoyin gado 37, cikinsu 13 ne kawai ke ba da furotin. Danginta masu zaman kansu suna da dubbai. Sauran wasu sun ɓace, wasu sun ƙaura zuwa cibiya, ta yadda fiye da furotin 1,000 da take aiki da su daga waje ake ƙero su a shigo mata da su. A ƙwayar zazzaɓin cizon sauro abin ya fi haka, furotin 3 kaɗai suka rage, kuma ɗaya daga cikinsu ne maganin atobakon ke kai wa hari. Me ya sa ba su ƙaura duka ba? Amsar da John Allen ya bayar tun 1993 ita ce ta fi kwanta mini: waɗanda suka rage duk na injinan madatsar ne, kuma tasha mai ƙarfin tsawa tana bukatar makaniki a bakinta. In wani inji ya fara tangarɗa a maitokondiriya ɗaya cikin dubu, ba a jira saƙo ya je cibiya ya dawo.

A kan wannan Nick Lane na Landan da William Martin na Dusseldorf suka ɗora hujjarsu a 2010, wadda ta yi suna ƙwarai. Ka tsaya wurin mai ƙosai ka lura da girman da take ɗebowa. In ta zuba ƙato, baya ya ƙone ciki ɗanye, domin in abu ya girma cikinsa yana ƙaruwa fiye da fatarsa. In bakteriya ta ninka tsawonta da faɗinta sau goma, fatarta ta ninka sau 100, cikinta sau 1,000, kuma wutar a fata ake yin ta. Tana iya ninke tantani zuwa ciki, wasu ma suna yi, amma faffaɗan tantani yana son makanikai a ko'ina. Manyan bakteriya ƙalilan da aka sani sun nuna tsadar hakan. Thiomargarita namibiensis, da aka samo a laka a gaɓar tekun Namibiya aka bayyana a 1999, tana kai milimita 0.75, ana ganinta da ido, amma kamar ƙwarya take, ciki fanko, rayuwar duk a jikin bango. Ita da Epulopiscium da ke hanjin wani kifi suna baza dubban kwafin DNA ɗinsu cikakke a jikin tantani. Kowane makaniki sai ya zo da ɗaukacin laburaren. Mai cibiya kuwa ta bar wa kowace tasha 'yar takardar umarni mai shafi kaɗan, ta tara sauran wuri ɗaya, abin da aka rage na kwafe-kwafe ya zama jarin ƙirƙiro sababbin furotin. A lissafinsu, ƙarfin da kowace ƙwayar gado ke samu a mai cibiya yana iya ninka na bakteriya har sau 200,000.

Magana ce mai daɗin ji, amma tsugune ba ta ƙare ba. Michael Lynch da Georgi Marinov a Amurka sun sake lissafin a 2015 da 2017. Suka ce raba ƙarfin ƙwaya da yawan ƙwayoyin gadonta awo ne da bai da ma'ana, abin tambaya shi ne kashi nawa na kasafin ƙwayar sabuwar ƙwayar gado ke ci, kuma wannan kaso yana raguwa ne da girman ƙwaya, ko da maitokondiriya ko babu. Da suka jera yawan injinan ATP da girman jiki, daga ƙananan bakteriya zuwa manyan masu cibiya, sai suka ga layi ɗaya ne miƙaƙƙe, babu wani tsalle a tsakani. Suka ƙara da cewa tantanin cikin nan da ake yabo ba kyauta ake samunsa ba, gina shi yana cin kaso mai tsoka na kasafin. Lane da Martin sun mayar da martani cewa a kashe kuɗi wajen ƙera furotin ake gane mai wadata, an bar jaki ana dukan taiki. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya riƙe wani abu. Da wuya a sami giwa ko kuka ba tare da an shigar da tashar wuta ciki ba. Amma cewa rashin ƙarfi ne ya hana bakteriya taka matakin farko, wannan ba a tabbatar ba, kuma adadin nan na 200,000 ya fi yawo a baki fiye da yadda hujjarsa ta kai.

Abin da ke ba Lane da Martin ƙarfin gwiwa shi ne har yau ba a sami mai cibiyar da kakanninta ba su taɓa mallakar maitokondiriya ba. A shekarun 1980 an zaci an samu. Giardia, mai sa gudawa a inda ruwan sha ba shi da tsabta, da Trichomonas, an ɗauke su ragowar zamanin kafin baƙuwa ta zo. Daga baya aka ga suna da ita, ta ƙanƙance ne ta sauya sana'a. A 2016 masana a birnin Prag suka bayyana Monocercomonoides, daga hanjin wata dabba mai kama da ɓera, wadda babu ko alamar maitokondiriya a jikinta, amma danginta na kusa suna da ita, ke nan yar da ita ta yi a hanya.

To, wane ne mai masaukin? A 1977 Carl Woese da George Fox a jami'ar Illinois suka nuna cewa arkiya, duk da kamarsu da bakteriya a ido, wani reshe ne daban, kama da wane ba ta wane. Daga baya aka lura cewa ƙwayoyin gadonmu masu kula da kwafar DNA da karanta shi irin na arkiya ne, masu kula da girki da sarrafa abinci kuwa yawancinsu na bakteriya. A 2015 ƙungiyar Thijs Ettema a Uppsala ta Suwidin ta tsinto DNA ɗin wasu arkiya daga lakar ƙarƙashin teku tsakanin Norwe da Girinlan, kusa da wasu maɓuɓɓugan ruwan zafi da aka sa wa sunan Loki, wani mayaudari a tatsuniyoyin mutanen can. A cikin DNA ɗin aka tarar da ƙwayoyin gadon da a da ake cewa masu cibiya kaɗai ke da su: na aktin, wanda ke zama ƙashin ƙwayar halitta, da na furotin masu lanƙwasa tantani su tsinke shi. Aka samo 'yan uwansu a wurare da dama, a 2017 aka raɗa wa dangin suna Asgard. Mafi yawan masana yanzu sun tafi a kan cewa daga cikin wannan dangi mai masaukin ya fito.

A nan ne gizo ke saƙar. In mai gida arkiya ne, ya kamata katangar gidan ta zama irin ta arkiya, sai ga shi ba haka ba. Maiƙon tantanin arkiya da na bakteriya sun sha bamban ta hanya uku. Wutsiyar na bakteriya miƙaƙƙiya ce, ta arkiya mai 'yan rassa. Ƙullin da ya ɗaure wutsiya da kai daban ne. Sannan ginshiƙin gilisarol da aka ɗora su a kai, na wannan juyin na wancan ne, kamar takalmin dama da na hagu, kuma furotin da ke ƙera su ba su haɗa dangi ba. Tantaninmu kuwa, daga fatar waje har katangar cibiya, duk irin na bakteriya ne. Baƙuwa ta zo, an wayi gari kowane bango na gidan da irin tubalin garinsu aka yi shi. A wurina wannan ya fi lissafin ƙarfi ɗaure kai, kuma duk bayanin da bai warware shi ba bai kammala ba.

An taɓa cewa maiƙon biyu ba sa zama a tantani ɗaya, zai yage. A 2018 masana a Groningen ta Holan suka dasa wa bakteriyar E. coli ƙwayoyin gadon ƙera maiƙon arkiya, har ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na tantaninta, ta ci gaba da rayuwa da hayayyafa. Ke nan sauyawa a hankali mai yiwuwa ce. Ta yaya? Sven Gould da Sriram Garg da Martin sun kawo wata shawara a 2016. Bakteriya masu riga biyu suna yawan tsinko 'yan ƙananan jakunkuna daga tantaninsu na waje su saki, maitokondiriya ma har yau tana yi. In baƙuwar ta ci gaba da wannan ɗabi'a a cikin mai masaukinta, jakunkunan ba su da wurin zuwa, sai su taru su haɗe su zama lunguna da ɗakuna, wasu su narke cikin fatar waje su maye gurbin tsohon maiƙo sannu a hankali. In haka ne, katangun gidan gandun daga jikin baƙuwar suka fito. Wasu ba su yarda ba. Alexandros Pittis da Toni Gabaldón a Basalona sun fitar da nazari a wannan shekarar ta 2016, wanda ke nuna cewa ƙwayoyin gado da dama na bakteriya sun riga maitokondiriya shiga, wato mai gidan ya yi hulɗa da wasu baƙin kafin ita, ƙila daga wurinsu ya koyi sabon maiƙon. An soki hanyar lissafinsu, su ma sun kare ta.

Saura ƙofar shiga. Tsohon zane yana nuna ƙatuwar ƙwaya ta haɗiye ƙarama ta kasa narkar da ita. Matsalar ita ce haɗiya irin wannan sana'ar masu cibiya ce, tana son ƙashi mai motsi da tantani mai laushi da ƙarfi mai yawa. A 1998 Martin da Miklós Müller suka ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce ta haɗa su: bakteriya tana zubar da haidurojin a matsayin shara, arkiya tana rayuwa da shi, sai ta yi ta matsowa tana rungumar mai ba ta abinci har ta rufe ta. David Baum da Buzz Baum a 2014 suka juya zanen gaba ɗaya, suka ce asalin jikin arkiyar shi ne ya zama cibiya, hannayen da ta miƙa waje don ta rungumi abokan zamanta su ne suka kumbura suka haɗe suka zama sauran gidan. Lokacin da suka faɗi haka ba wanda ya taɓa ganin ɗan dangin Asgard da ido.

Gani ya kori ji a 2020. Tun 2006 jirgin nutso na Japan, Shinkai 6500, ya ɗebo laka daga zurfin mita 2,533 a kwazazzabon Nankai. Hiroyuki Imachi da Masaru Nobu da abokan aikinsu suka zuba ta a wata na'ura suna ɗiga mata iskar methan shekara biyar, sannan suka rarraba a kwalabe suna jira. Sai da aka shekara 12 kafin su ware abin da suke nema, suka sa masa suna Prometheoarchaeum syntrophicum. 'Yar dunƙulalliya ce da ba ta kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, cikinta fayau babu ɗaki ko ɗaya, tantaninta irin na arkiya zalla. Amma daga jikinta dogayen hannaye masu rassa ne suka fito, kuma ba ta rayuwa sai da abokan zama masu kwashe haidurojin da take fitarwa. A lura, a nan arkiyar ce ke zubar da haidurojin, akasin yadda Martin da Müller suka zana. A ƙarshen 2022 ƙungiyar Christa Schleper a Biyana ta rene ta biyu, daga lakar gaɓar teku a Sulobeniya, aka ga zarurrukan aktin a cikin hannayenta.

Waɗannan jikoki ne, su ma sun yi tafiyar shekara kusan biliyan 2 tun rabuwarsu da kakanmu, don haka ba a ce hoton kakan ke nan ba. Amma yanzu akwai abin da za a sa a madubi a tambaya: hannayen nan suna kama bakteriya? Furotin masu lanƙwasa tantani, wane aiki suke yi a ƙwayar da ba ta da ɗaki? Tantaninta zai karɓi maiƙon bakteriya in an ba ta? Amsar za ta yi jinkiri, domin abin da ke cikin kwalbar ba ya sauri. E. coli, in ta sami abinci, tana rabewa biyu cikin minti 20, zuri'a goma kafin a tashi daga aiki. Ta Imachi takan ɗauki kwana 14 zuwa 25 kafin ta rabe sau ɗaya, zuri'a goma sai an shafe wata biyar zuwa takwas ana leƙa kwalba.